Ba Na Jin Komai

Shafi na 9

Sannunku da haƙuri. Masu cewa na bar ku a tsakiyar hanya, ga shi mun iso kan dutsen. Wanda yau ya shigo ya matso kusa, ba za mu tafi mu bar shi ba.

Su huɗu ne a gidan. Baba direban motar makaranta ne, doguwar nan mai kwasar yara da safe ta mayar da su da rana. Mama tela ce, kekenta na bakin taga. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda gwiwoyinta suka gaji amma bakinta bai gaji ba. Sai yarinyar, 'yar shekara tara, wadda Baba ya laƙaba wa suna Kwandasta, don kullum ita ce a kujerar gaba kusa da shi. Sunan ya bi ta har aji.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Hira suka rasa. Da can Baba mai barkwanci ne, tun daga ƙofa ake jin dawowarsa. Amma tun bara ya yi shiru. In ya shigo sai ya zauna bakin gado ya zuba wa ƙafafunsa ido.

Mama ta ce, "Malam, lafiya? Me kake ji?"

Ya ce, "Ba na jin komai."

Ta ce, "To, madalla," ta koma kan kekenta.

Sai ga shi a wannan hutun, ba zato ba tsammani, ya aro ƙaramar motar ƙaninsa ya ce su shirya, zai kai su ganin ruwan zafi da tsohon kufai a kan dutse. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kai 'ya'yan mutane, bai taɓa kai nasa iyalin ko bakin kogi ba. Suka hawo dutsen da hantsi, Mama da Kaka na gyangyaɗi a baya, shi da Kwandasta suna 'yar raɗarsu da suka saba a gaba.

To, mu ɗora daga nan.

Hanyar zuwa ruwan ta cikin kufan ta ratsa. Ginshiƙan dutse na tsaye, ba rufi a kansu. Wasu sun faɗi sun rabu gunduwa-gunduwa kamar an yanka burodi. Ciyawa ta tsiro a tsagar matakala. Mai yi wa baƙi bayani, wani dattijo mai sanda, ya nuna wani faffaɗan rami da aka daɓe da duwatsu.

Ya ce, "Nan mutanen da suke wanka. Manyan gari a can ɓangaren, talakawa a nan. Ta wannan magudanar ruwan yake shigo musu."

Kaka ta dafa ƙugu. "To ina suke yanzu, manyan da talakawan?"

"Sai dai Allah, Iya."

"Ka ji fa. Mun kulle gida mai rufi, mun sha hanya, mun zo kallon wanda ba shi da rufi."

Baƙin da ke kusa suka yi dariya. Baba bai yi ba.

Ya ce wa dattijon, "Idon ruwan fa? Inda yake fitowa da zafinsa?"

"Ai na gaya maka ɗazu, yana can sama. Amma ba a shiga, an ɗaure da igiya."

Kwandasta ta tsaya a baya tana bin wani ƙadangare da ya maƙale a jikin ginshiƙi. Da ya ɓace mata a rami ta sunkuyar da kai, sai ta ga ɗigo ja a kan farin dutse. Ta ɗaga ido, ga wani a gaba. Ga wani kuma. Ta bi su matakala bayan matakala, har suka kai ta diddigen Baba.

Ta ja gefen rigarsa. "Baba, tsaya. Jini."

"A ina?"

"A ƙafarka."

Ya ɗaga ta hagu ya duba.

"Ba wannan ba. Ɗayar."

Ya ɗaga ta dama. Wani tsingaro, guntun tsohuwar tukunya mai kaifi, ya shiga tsakanin silifa da diddigensa ya nutse. Ya sa yatsu biyu ya zare shi, ya juya shi yana kallo, sai ka ce daga ƙafar wani ya ciro shi.

"Da zafi, Baba?"

"Ba na jin komai." Ya jefar da shi cikin ciyawa. "Kar ki gaya wa Mamanki, kar ta ɓata mana yawo."

Ta gyaɗa kai. Ta saba riƙe masa magana.

Tun kafin su ga ruwan suka ji warinsa, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A ƙasa an gina doguwar magudana da dakali a gefenta, mutane sun jeru sun tsoma ƙafafu, tururi na tashi a hankali.

Kaka ta sa babban yatsa ta janye da sauri. "Wayyo! Wa ya ɗora wannan a wuta ya manta?"

Kwandasta ta ce, "Kaka, matsoraciya."

"Uwar surutu, ke sa taki mu gani."

Ba a jima ba tsohuwa ta nutsa ƙafafunta har ƙwauri, ta lumshe ido. "Ahhh. Yau gwiwa ta ga abin da take so. Ku tafi ku bar ni a nan, ku dawo baɗi."

Mama ta yi murmushi, ta zame takalmi ta zauna kusa da ita. Kwandasta ta daɗe ba ta ga wannan murmushin ba.

Baba ya zauna daga ƙarshe, inda ba za a ga diddigensa ba. Ya tsoma ƙafafu. Ya zuba wa ruwan ido, ya motsa yatsunsa.

Ya ce, "Wannan ai sanyi gare shi."

Kaka ba ta buɗe ido ba. "Sanyi? Kai dai fatar kada gare ka tun kana yaro."

Ya miƙe. "Bari in zaga."

Ban ɗaki na hannun hagu. Kwandasta ta ga ya yi dama, ya bi 'yar siririyar hanyar da ta hau sama. Ta dubi Mama, ta ga ta jingina da bango idonta a rufe. Sai ta sulale ta bi shi.

A sama tururin ya fi kauri. Ruwan na ɓulɓulowa daga tsagar dutse yana ƙara kamar tukunya ta kusa tafasa. An kewaye wurin da igiya. A bakin tsagar wata mai sayar da ƙwai ta rataye ragarta a cikin ruwan don su dahu, ta sauka kai wa baƙi na farko.

Baba ya tsallake igiyar. Yana zaune a kan dutse, ɗan ƙasa kaɗan da ragar ƙwan, ƙafafunsa duka biyu a ciki. Fuskarsa ba komai, kamar mai jiran danja ta ba shi hannu.

"Baba, an ce ba a shiga."

"Koma wurin Mamanki."

"Me kake yi?"

"Jira nake."

"Jiran me?"

Bai waiwayo ba. "In ji."

Ta ratsa ta ƙarƙashin igiyar, ta durƙusa, ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa ruwan.

Ihun da ta yi har cikin kufan aka ji shi.

Mai gadin wurin ne ya fara isowa, Mama na bayansa ba takalmi. Suka kama Baba ta hammata suka ja shi baya. Bai yi gardama ba, bai kuma taimaka musu ba. Ƙafafun suka fito jawur har idon sawu, suna hayaƙi.

Mai gadi ya ce, "Bawan Allah, kanka ɗaya kuwa? A nan fa ake dafa ƙwai!"

Baba ya dubi ƙafafun, ya dubi mai gadin. "Sun ƙone ne?"

Mai gadi ya ja su zuwa ɗakinsa.

Ɗakin mai gadi ƙarami ne, benci ɗaya, kujera ɗaya, sai bokiti da akwatin magani a kan taga. Ya kawo ruwan sanyi ya ajiye, ya miƙa wa Mama bandeji.

Ya ce, "Ki yi ta zuba masa. Amma wannan sai asibiti, kuma yau ɗin nan. Akwai ɗaya a gindin dutse." Ya dubi fuskokinsu, ya ja musu ƙofa ya fita.

Mama ta durƙusa tana kwarara ruwa da kofi. Bororo ya fara tasowa a kan yatsun. Ta juya ƙafar dama ta ga yankan da ke diddige. Ta tsaya a kansa, ba ta tambaya ba. Kwandasta na tsaye a lungu, yatsanta a baki. Kaka ta zauna a kujera.

Mama ta ce, "Tun yaushe?"

Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Irin wadda take tambayar mai ɗinki tsawon hannun riga.

"Tun bara. Daga yatsu ya fara."

"Kullum sai na tambaye ka."

"Kullum kuma sai na gaya miki."

"Me ka gaya min?"

"Na ce ba na jin komai."

Kofin ya tsaya a sama. Ruwan ya ƙare daga ciki, ba ta sauke hannun ba.

Ta ce a hankali, "Ni kuma in ce madalla."

"Eh."

Ta sake ɗibar ruwa ta ci gaba da zubawa.

"Ka ga likita?"

"Na gani."

"Ya ce me?"

"Sukari ne. Ya ce ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Ya ba ni magani, yana cikin aljihun motar makaranta."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Baba ya dubi bango. "Ya ce in ajiye tuƙi."

"Ka ajiye?"

"In ajiye in ɗauki me? Ni ban iya komai ba sai sitiyari. In na buɗe baki a makaranta, kafin a tashi sun karɓi makulli."

"Shi ya sa ka kawo mu nan."

"Wani a gareji ya ce ruwan yana tayar da jijiyar da ta mutu. Ya ce sai dai a samu mai zafin sosai."

Mama ta maimaita, "Wani a gareji."

"Na so ku ma ku ga wuri."

"Mun gani."

Kaka ta jawo kujerarta kusa. Ta ce, "Kai, rufe idonka."

"Inna..."

"Rufe, na ce. Ni na wanke ƙafar nan tun tana kamar cokali, ba za ta ƙi jin hannuna ba."

Ya rufe. Ta miƙa hannu, sai ta tsayar da shi a sama, tana neman inda ba bororo.

Ta ce, "Ka ji?"

"Na ji, Inna."

Ba ta riga ta taɓa shi ba.

Ta janye hannun ta ɗora a cinya, ta rufe shi da ɗayan. Ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi hannun, ya gane. A waje ana jin mai bayani yana kiran baƙi su tattaru.

Mama ta fara naɗa bandeji, a tsare, kamar tana kalmasa bakin zane. Sai da ta gama ƙafar hagu ta kama ta dama, sannan ta ce, "Da wannan kake taka birki."

Ya kau da kai.

"Malam, magana nake. 'Ya'yan mutane cike da mota safe da rana. Ƙafar da ba ta san an soke ta ba, yaya take sanin tana kan birki ko tana kan totur?"

Kwandasta ta cire yatsa daga baki. Tun ɗazu take neman abin da za ta faɗa wanda zai sa Mama ta daina wannan muryar, sai ga shi ta samu.

Ta ce, "Ai ni nake duba masa."

Baba ya ce, "Kwandasta."

Mama ba ta waiwayo ba. "Bar ta. Duba masa me?"

"Wasanmu ne. In mun kusa kwana ko danja, sai ya ce, 'Kwandasta, ina muke?' Sai in leƙa ƙasa. In ƙafarsa na kan na tsakiya in ce, 'Birki.' In tana kan na gefe in ce, 'Totur,' sai ya matsar da ita. A hankali muke yi don kar sauran yara su koya." Ta ɗan yi murmushi. "Ban taɓa faɗi ba daidai ba. Ko, Baba? Ko ɗazu da muke hawowa duk na ci."

Mama ta saki bandejin. Ya gangara ya warware har ƙarƙashin benci. Ta zauna daɓas a kan siminti, ta miƙe ƙafafu kamar yarinya.

Can ta ce, "Ranar da ka daki ƙofar makaranta da mota."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Ka ce birki ne ya shanye. Makanike ya kwance ya ɗaure bai ga komai ba." Ta juyo ta dubi 'yarta. "Ranar da kika kwana da zazzaɓi ne. Na hana ki zuwa."

Kwandasta ta tuna. Ta tuna Baba tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu yana cewa, ai da sauƙi jikin nata, a bar ta ta je ko a mota ta kwanta. Ta tuna Mama na masa faɗa. A lokacin daɗi ta ji, ta ɗauka kewarta zai yi.

Mama ta ce, "Shekararta tara."

"Na sani."

"Tara, Malam."

"Na sani."

Mama ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu ƙarƙashin benci ta jawo bandejin, ta kakkaɓe shi, ta ƙarasa naɗin, ta ɗaure bakin.

Aka ƙwanƙwasa. Mai gadi ya leƙo da kwaɗo a hannu.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, lokacin rufewa ya yi. Kuma hadari ya haɗo, in ruwa ya sauka hanyar nan santsi take yi."

Mama ta ce, "Motar baƙi fa?"

"Ta ƙarshe ta tafi tun kuna ciki. Na ga da motarku kuka zo, shi ya sa ban tsayar da ita ba."

"Waya?"

"Ba ta kamawa a nan, sai an sauka. Ni da ƙafa nake bi ta gajeriyar hanya, amma Iya ba za ta iya ba, balle shi." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ba wanda ya iya mota a cikinku sai shi?"

Mama ta yi wata 'yar dariya marar sauti. "Tun muna sabon aure yake cewa zai koya min."

Baba ya miƙe tsaye.

Abin da ya fi tsorata Kwandasta ke nan. Bai ɗingisa ba, bai cije leɓe ba. Ya taka ƙonannun ƙafafun nan ya fita kamar mai zuwa sayen burodi, bandejin na jan ƙasa.

Suka bi shi ta cikin kufan. Ba kowa yanzu, sai ginshiƙai da iska. Ɗigon jinin na nan a kan matakala, ya bushe ya yi baƙi. Mama ta gan shi, ta tsallake. Kaka na tafe a baya tana dafa bango.

Motar kaɗai ta rage a filin. Hancinta na kallon gangara. Daga nan ana hango hanyar tana lanƙwasa tana sake lanƙwasa a jikin dutsen, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami.

Baba ya shiga ya zauna. Ya sa makulli, motar ta tashi. Ya sunkuya ya kama ƙafarsa ta dama da hannu biyu, ya ɗaga ta ya ɗora inda yake so. Sannan ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gaba.

Ɗigon ruwan farko ya faɗo a kan gilashi.

Ya ce, "Kwandasta. Zo gaba."

Hannun Mama na kan kafaɗarta. Bai riƙe ta ba, bai kuma sake ta ba.

Kwandasta ta dubi kujerar da ta fi so a duniya, ta dubi farar ƙafar da ke ƙasan sitiyari. Sai a lokacin ta gane cewa abin nan ba wasa ba ne, bai taɓa zama wasa ba. In ta faɗi ba daidai ba, babu mai tsayar da motar.